Amfilifaya Mai Kwalabe Ko Mai Transista?

Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, iri biyu ce: mai kwalaben lantarki da mai transista. Mai kwalabe tana jan hankali tun kafin ta yi sauti. Kwalaben gilashin su yi ja kamar garwashi, muryar mawaƙi ta fito da taushi da kauri. Gaskiyar magana, tana ɗan gurɓata sautin ne, sai dai irin gurɓatar da kunne ke so. Wata irinta, McIntosh MC275, wadda ta fito a 1961, har yau ana ƙera ta.

Amma fa akwai shagwaɓa. Sai ta ɗauki 'yan mintuna tana ɗumi, ga zafi, kwalaben kuma suna tsufa a sake su. Ƙananan amfilifayoyin kwalabe, masu ƙarfin wat 8 kacal, ba sa iya tuƙa kowace lasifika, sai mai ba da ƙara da wuta kaɗan, wajen desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 90 zuwa sama.

Transista kuwa, 'yar ƙaramar na'urar da ta maye gurbin kwalabe, da aka ƙirƙira a Bell Labs a 1947, ba ruwanta da wannan lallaɓa. Kunna ka ji. Ganga ta buga ta tsaya cak.

A ganina mai sauraren murya da jita ya ɗauki kwalabe. In falon babba ne kuma lasifikar mai cin wuta ce, transista za ta fi riƙe ta.