Kwalin maganin olsa mai ƙwaya uku: abin da mai ciwon suga ya kamata ya duba kafin ya saya

A kemis-kemis na Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas, da mutum ya dafe ƙirji ya ce yana jin zafi ko kumburin ciki, sai a miƙo masa wannan kwali. Ciki akwai omefirazol mai rage tsamin ciki, miligiram 20, da kilaritiromaisin 500, sai amoksisilin 1,000 ko tinidazol 500, a sha safe da dare. An yi shi ne don kashe H. pylori, ƙwayar cutar da ke janyo gyambon ciki. Tsarin yana da kyau: kowace rana da sachet ɗinta, mantuwa ta ragu.

Matsalar farko, yawanci na kwana 7 ne, alhali kwana 14 likitoci ke so yanzu. Mai suga ma ya fi fuskantar rashin mutuwar ƙwayar. Rabin magani kuwa koya mata taurin kai yake yi.

Ta biyu ta fi haɗari. Kilaritiromaisin yana ƙara wa maganin suga gilibenkilamaid, wato irin su Daonil, ƙarfi, suga ya faɗi warwas: gumi, rawar jiki, jiri. Da simbastatin na kitsen jini kuma yana iya lalata tsoka. Kai kwalayen magungunanka duka gaban likita, ka riƙa auna suga kullum, ka ajiye dabino ko sukari a aljihu.

Kada a saya sai an yi gwaji. Maganin suga metfomin kaɗai yana sa tashin zuciya da kumburi, tsohon ciwon suga kuma yana sa abinci ya daɗe a ciki, duk sai a ce olsa. Gwajin jini da ƙananan dakunan gwaji ke yi ba ya bambance cutar da ke nan da wadda ta wuce. Na bahaya ko na numfashi ake nema, bayan an daina omefirazol mako 2, maganin ƙwayoyin cuta mako 4. A sake gwaji mako 4 da gama shan magani.

Wasu na cewa wannan kwali yana rage tumbi; a bar wannan batu. An ga alaƙa tsakanin ƙwayar da teɓa a wasu bincike, amma ba a tabbatar ita ce sanadi ba, wasu ma ƙiba suke ƙarawa bayan sun warke, don cin abinci ya buɗe. Tef ɗin tela ya fi amfani: a auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, nan ne iyaka.

Baƙin bahaya, aman jini ko rama ba dalili, asibiti kai tsaye, a leƙa cikin da na'ura.