Na biya an duba min takobin sojan Japan ta hoto kafin in saya, ga yadda ta kaya

Wanda duk aka kawo wa takobi aka ce na sojan Japan ne na yaƙin duniya na biyu, gaskiya ina ba shi shawara ya nemi masu tantancewa ta intanet kafin ya zaro ko kwabo. Ni na gwada wani daga cikinsu, tura masa hotuna kake yi ka biya ya rubuto maka rahoto, kuma kuɗina bai tafi a banza ba duk da akwai inda ya ɓata min rai.

Takobin wajen wani dillalin kayan da na gan shi, ya ce min wai daga gidan wani tsohon soja da ya yi yaƙin Burma ya fito. To labarin ba abin mamaki ba ne ai, mutanenmu da yawa sun je can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun gwabza da Japanawa a Kaladan da Arakan a 1944 da 1945, barikin Myohaung da ke Legas ma daga can ya samo suna. Amma fa labari daban, ƙarfe daban.

Abin da ya fara burge ni, mai tantancewar bai ko kula hoton ruwan takobin da ke ƙyalli ba, cewa ya yi in cire ƙota in ɗauko masa gindin ƙarfen da ke ɓoye a ciki. Ashe na hafsoshi ɗan tsinken gora ne ke riƙe ƙotar, ka tura shi ya fita shi kenan. A na gaske, gindin nan za ka same shi da tsatsa mai duhu wadda ta kwanta, da sawun magagari a jere tsaf, sau da yawa har da sunan maƙeri da shekara an sassaƙa da kurfi, wasu kuma da ɗan tambari irin na Seki (garin maƙera a Japan) ko Showa (zamanin sarkin Japan na lokacin). Namu da aka buɗe, ƙarfe ne yankan ganganci, tsatsar ja wur tana bin yatsa, ramin ma a karkace. Dillali sai ya fara kallon gefe.

Sannan mai tantancewar ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Akwai lamba da aka buga a wuyan tagullar da ke tsakanin ruwa da ƙota, ya ce wannan halin 'yan jabu ne. Takobin da ke da lamba shi ne samfurin 95 na su saje, wanda aka fara a 1935, aikin inji, ƙotarsa ƙarfe ce zubi da aka yi wa fenti kamar naɗin zare, lambar kuma a jikin ruwan take kuma ya kamata ta dace da ta kube. Na hafsoshi, samfurin 94 da 98, su da kansu suke saye, wasu har tsohon ruwan takobin gidansu suke sa wa sabon kube, ba a buga masu lamba haka. Namu kuwa ya haɗa kayan hafsa da lambar saje, ga rubutun Japananci an ƙona da asid a tsakiyar ruwa, ga wani zane-zane mai kama da ruwan rijiya da aka jefa wa dutse. Naɗin zaren ma duk gefe ɗaya ya hau, maimakon wannan ya hau wancan ya hau, furannin sakura da ke jikin kube kuma sun dusashe, ba ka gane ganye daga ganye. Hukuncinsa dai, ƙirar baya-bayan nan ce, irin wadda ake fitarwa daga Sin.

Inda bai min ba, jinkiri. Sai ka tura saƙo ka yi ta leƙa waya shiru, dillali kuma yana ta matsa min wai akwai wani alhaji da ke so. Rahoton kuma cike yake da kalmomin Japananci ba bayani, sai da na koma ina nemo ma'anarsu da kaina. In kana son ya faɗi nawa takobi zai yi a kasuwa wannan wani kuɗin ne daban, ni ban ga dalili ba. Ya kuma faɗa tun farko cewa jabu mai arha irin wannan hoto ya isa a gane shi, amma wanda aka ƙera da wayo sai an riƙe a hannu.

Hotunan ka ɗauke su a inuwa da rana ba filashi, in ba haka ba zai dawo maka da su. Kuma don Allah kar ka goge tsatsar gindin nan da sanfefa wai don ya fito fes a hoto, in takobin na gaske ne ka rage masa daraja ke nan.