Minelab Equinox 800: Na'urar Neman Ƙarfe da Shawarar Haƙa ko Wucewa

Duk wanda ya fita da na'urar neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa a ranarsa ta farko, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawan ƙarafan da ƙasa take ɓoye da su, kuma mafi yawansu tarkace ne: ƙusoshi masu tsatsa, gutsattsarin waya, murafan kwalba da kunnuwan gwangwanin lemo. Saboda haka tambayar da mai wannan sha'awa yake yi wa kansa sau ba adadi a yini ɗaya ita ce, in haƙa ko in wuce? A kan wannan tambaya na auna Equinox 800, wadda kamfanin Minelab na birnin Adelaide a Ostareliya ya fitar kasuwa a 2018, kuma na daɗe ina aiki da ita a gonakin da aka girbe da filayen da mutane suke taruwa.

Yadda irin waɗannan na'urori suke aiki ba shi da wuyar fahimta. Faifan da ke ƙarshen sandar yana aika igiyar maganaɗisu cikin ƙasa, idan igiyar ta ci karo da ƙarfe sai ta tayar da 'yar wutar lantarki a jikinsa, faifan kuma ya karɓi amsar da ta dawo. Igiya mai ƙarancin kaɗawa ta fi dacewa da manyan abubuwan azurfa da tagulla masu nisa, mai yawan kaɗawa kuwa ta fi jin ƙananan abubuwa irin su ɗan siririn sarƙar zinariya. Na'urori da yawa igiya ɗaya suke da ita, kamar Nokta Simplex+ mai kilohaz 12 (kilohaz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar igiya). Ita Equinox 800 tana aika igiyoyi da dama a lokaci guda ta hanyar fasahar da kamfanin ya kira Multi-IQ, sannan tana ba mutum damar zaɓar guda ɗaya idan ya so, wato kilohaz 4, 5, 10, 15, 20 ko 40. Amfanin wannan ya fi bayyana a jiƙaƙƙen yashin bakin teku da kuma jar ƙasa mai yawan ma'adinai, inda gishiri ko tamar da ke cikin ƙasar suke sa na'ura mai igiya ɗaya ta riƙa surutu babu dalili.

Nauyinta kilo 1.34 ne, faifanta inci 11, tana jure nutsewa cikin ruwa har mita 3, batirinta na caji kuma yana kai wajen awa 12. Hannu ba ya saurin gajiya da ita.

Inda na fi so in tsaya shi ne lambobin da take nunawa a allo, domin a nan shawarar haƙa take. Ma'auninta yana farawa daga -9 zuwa 40. Lambobin da ke ƙasa da sifiri na baƙin ƙarfe ne, ƙananan lambobi na takardar alminiyon ne da ƙananan abubuwa, manya kuwa daga ashirin da wani abu zuwa sama galibi na tagulla ne da azurfa. Wajibi ne mai saye ya gane cewa lambar tana faɗin yadda abu yake ɗaukar wutar lantarki ne da girmansa, ba ta faɗin sunansa. Kunnen gwangwanin lemo yakan faɗo tsakanin 12 da 16, kuma matsakaicin zoben zinariya a wannan wurin shi ma yake zama. Wanda ya rufe waɗannan lambobi, wato ya hana na'urar yin sauti a kansu, domin ya huta da tarkace ya rufe wa kansa ƙofar zobe, kuma babu na'urar da na sani wadda ta warware wannan matsala gaba ɗaya.

Wata safiya, a gefen wani tsohon filin wasa, na sami sauti mai nuna 14. Na kaɗa faifan a kansa daga dama zuwa hagu, lambar ba ta motsa ba, sai na zagaya na tsaya a gicciye na sake kaɗawa, ta sake ba ni 14 da sauti gajere mai tsabta, wanda ya fara a wuri ɗaya ya ƙare a wuri ɗaya. Kibau biyu suka bayyana a ma'aunin zurfi, wato wajen santimita 10. Na yanka ƙasar da ɗan shebur, na ɗaga dunƙulen, sai ga ɗan maɓallin riga na ƙarfe da ya yi kore saboda daɗewa. Taku kaɗan daga nan wani sautin ya riƙa tsalle tsakanin 13 da 17, yana canzawa duk lokacin da na juya, kuma da na haƙa shi domin in tabbatar, lanƙwasasshen kunnen gwangwani na tarar. Abu mai da'ira cikakkiya yakan ba da amsa iri ɗaya ta kowace fuska, mai karkataccen jiki kuwa yakan yi magana biyu, kuma Equinox 800 tana fito da wannan bambanci fili fiye da yadda na zata.

Baƙin ƙarfe mai tsatsa shi ne babban mayaudari. Lanƙwasasshiyar ƙusa ko murfin kwalba suna iya ba da sauti mai daɗi kamar na azurfa ta fuska ɗaya. A nan madannin da ke ɗauke da hoton ƙarfen kofaton doki yake da amfani ƙwarai, domin da zarar an danna shi sai na'urar ta daina ɓoye sautin baƙin ƙarfe, mutum ya ji wannan gurnani mai kauri a gefen sautin mai daɗi, ya san abin da ke ƙasa kafin ya durƙusa. Akwai kuma saitin saurin da take sakin sautin wani abu ta kama na gaba, daga 1 zuwa 8. A wurin da ƙusoshi suka yi yawa nakan ɗaga shi, domin tsabar kuɗin da ke kwance kusa da ƙusa kada ta ɓace a cikin sautin ƙusar, ko da yake hakan yana ɗan rage zurfi. A fili mai tsabta nakan sauke shi, in kuma rage saurin hannuna.

Abin da nake ganin ya gaza a tsarinta shi ne ƙuncin ma'aunin lambobin. Matakai 50 kacal ne, don haka abubuwa mabambanta suna cunkushewa a lamba ɗaya, musamman a tsakiyar ma'aunin inda zinariya da alminiyon suke haɗuwa. Equinox 900 da ta biyo baya ta faɗaɗa ma'aunin daga -19 zuwa 99, wanda hakan ya ba da sarari mafi yawa. Haka nan yawan saituttukanta yana iya rikita sabon shiga, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ƙarfin jinta zuwa ƙarshe, wato 25, da tunanin za a ƙara zurfi, alhali ƙara ce kawai take ƙaruwa, lambobi su kasa tsayawa. Sauke shi zuwa inda na'urar ta yi shiru ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Wanda bai riga ya tabbatar da cewa zai ɗore a wannan sha'awa ba, jerin Vanquish na wannan kamfani ya ishe shi, domin fasahar igiyoyin iri ɗaya ce kuma madannan ba su da yawa. Wanda ba ya neman ɗanyen zinariya kuwa, Equinox 600 za ta yi masa kusan duk aikin, tun da babban abin da ta rasa shi ne tsarin neman zinariya da igiyoyin kilohaz 20 da 40 a matsayin zaɓi na daban. Ko wacce aka saya, neman izinin mai fili da sanin dokar ƙasa suna gaba da kome, domin a Ingila, alal misali, dokar 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya shiga sahun taska, wato tsohuwar dukiyar da aka tono, cikin kwana 14, wasu ƙasashen kuma sun hana aikin a wuraren tarihi baki ɗaya. Ramin da aka haƙa kuma sai an mayar da ƙasarsa.

Ga wanda ya ɗauki 800 ɗin, shawarata ita ce ya binne zobe, tsabar kuɗi, kunnen gwangwani da ƙusa a zurfin santimita 15, kowanne a wurinsa, ya sa abin sauraro a kunne, ya saita na'urar a kan sautuka biyar, ya riƙa bi ta kansu daga fuskoki daban-daban har ya iya bambanta su ba tare da ya dubi allo ba. Bayan haka ne ya kamata ya gwada tsarin sautuka hamsin, inda kowace lamba take da muryarta.