Godot, Unity ko Unreal: da wanne mai son sana'ar rubuta gem zai fara?

Wanda ya ƙuduri cin abinci da rubuta wasannin bidiyo, tun bai rubuta layi ɗaya ba akwai zaɓin da ke jiransa, wato injin da zai koya. Injin gem manhaja ce da ke ɗauke maka wahalar fito da hoto a allo, sauti, da lissafin karo da faɗuwar abubuwa, kai kuma ka fuskanci dokokin wasanka. Watannin da ka zuba wajen koyon ɗaya ba sa dawowa. Ni dai ba zan ɓoye ba, Godot nake ba sabon shiga shawara.

'Yan Ajantina biyu ne suka ƙirƙire shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake shi ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya ba kowa damar amfani da shi kyauta. Ko gem ɗinka dala goma ya kawo ko miliyan goma, babu mai bin ka komai, kuma babu kamfanin da zai wayi gari ya sauya maka sharuɗɗa. Ba sai an girka shi ba, ka sauke ka danna ya buɗe, ko da kwamfutarka ta kwana biyu. Har a wayar Android ana iya buɗe shi a yi aiki. Harshen kodin ɗinsa, GDScript, ɗan'uwan harshen Python ne wajen sauƙin karantawa. Ka ɗauko CharacterBody2D, wato tubalin da ake gina ɗan mutumin wasa da shi, ka rataya masa hoto da siffar da za ta riƙa cin karo da bango, ka rubuta 'yan layuka da ke karanta maɓallan kibiya, ka danna F5, sai ga ɗan mutuminka yana zirga-zirga a allo. Wannan daɗin na ranar farko shi ke hana mutum ajiye karatun a sati na biyu. Kuma ba injin wasan yara ba ne: Brotato, Dome Keeper da Cassette Beasts duk da shi aka yi su, aka kuma sayar da su sosai a Steam, kasuwar gem ta intanet. Yana karɓar C# ma, harshen da Unity ke amfani da shi, don haka wanda ya so tsallakawa Unity daga baya ba daga tushe zai faro ba.

Yana da nasa rauni. Tallan neman ma'aikata da ke ambatonsa ba su da yawa, sannan kai gem zuwa PlayStation ko Switch galibi sai ta hannun wasu kamfanoni da ake biya.

Unity, wanda ya fito tun 2005, shi ke da kasuwar aiki mafi faɗi, musamman a wasannin waya. Among Us, Hollow Knight da Pokémon Go duk nasa ne, kuma kyauta ne matuƙar kuɗin shigarka bai kai dala 200,000 a shekara ba. Sai dai a Satumbar 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane saukewa, har da wasannin da aka riga aka fitar. Aka yi ta cece-kuce, shugabansa John Riccitiello ya bar kujera a Oktoba, aka soke tsarin ɗungurungum a 2024. An soke, amma an nuna wa kowa cewa wanda ke zaman haya ba shi ke riƙe da takardun gida ba. A wannan rikicin ne kamfanin Mega Crit ya ɗauke gem ɗinsa Slay the Spire 2 daga Unity ya koma Godot.

Unreal na kamfanin Epic Games ya fi dacewa da wanda ya iya harshen C++, mai kwamfuta mai ƙarfi da burin shiga manyan kamfanoni. Yana karɓar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da gem ɗinka ya kawo bayan dala miliyan ta farko. Ga sabon shiga, ya yi nauyi. GameMaker kuwa, wani injin ne da ya haifi wasan Undertale, amma harshensa ba ya amfani a ko'ina sai a cikinsa.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce, domin sana'ar nan ba ta da tabbas. A Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninta, Unity kuma kimanin 1,800. Wanda ya iya C# ko C++ da lissafin kusurwa da tazara, idan ƙofar gem ta rufe zai samu aiki a wani fannin manhaja. Masu ɗaukar aiki kuma abin da suke buɗewa shi ne ƙaramin wasan da ka kammala ka ɗora a itch.io, shafin baje ƙananan wasanni, ba sunan injin da ka rubuta a takardar neman aiki ba.

Abin da na fi so ka auna dai shi ne: aikin da ka yi, mallakin wa ne? Na taɓa shiga wata ƙungiya da ta ce babu albashi, sai gem ya fito a raba riba. Ni na rubuta tsarin faɗa da na ajiye ci gaban ɗan wasa. Ana gab da fitarwa aka cire ni daga ma'ajiyar aikin, saƙonnina suka daina samun amsa. Irin wannan tayi ya cika gari, kuma kusan kullum daga mutumin da ke da "babbar dabara" yake zuwa, shi bai iya zane ba, bai iya kodin ba. Idan babu yarjejeniya a rubuce da ta faɗi kasonka da abin da zai faru idan ka fita, kada ka taɓa allon rubutu.

Ga masu sayar da kwas da alƙawarin aiki cikin wata uku. Ka nemi su nuna maka gem ɗin da suka fitar da sunansu. Yawancin abin da suke karanta maka yana nan kyauta a takardun bayanin injinan kansu.

Mafi haɗari su ne masu ɗaukar aiki na bogi. Za su tuntuɓe ka a LinkedIn da albashi mai tsoka, a yi hira kamar gaske, sannan a turo maka "aikin gwaji" ka sauke ka kunna. A cikinsa akwai ɓarauniyar manhaja mai kwashe kalmomin sirri. Satar sama da dala miliyan 600 da aka yi wa wasan Axie Infinity a 2022, rahotanni sun nuna ta tayin aikin ƙarya ga wani injiniyansu ta faro. Ƙaramar sigar wannan ita ce saƙo a manhajar hira ta Discord daga asusun abokinka da aka riga aka sace: "Don Allah gwada mini gem ɗina." Ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka buɗe. Shi kansa Godot bai tsira ba, don a 2024 masu binciken Check Point sun gano wata muguwar manhaja mai suna GodLoader da aka gina da shi, ana yaɗa ta ta ma'ajiyoyin bogi a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu. Injin kowane iri ne, daga shafin masu shi ko Steam kawai za ka sauke, kuma duk aikin gwajin da baƙo ya turo, ka buɗe shi a kwamfutar da babu asusunka ko ɗaya a kanta.