Sharhina kan cajar balans da jakar LiPo bayan wata takwas ina amfani da su

Na daɗe ina son rubuta wannan sharhin amma nace bari dai sai kayan sun sha hannu tukuna, don ba a yabon abu ranar da aka buɗe kwalinsa. Yanzu wata takwas kenan ina cajin batiran jirgin rimot ɗina (ƙaramin jirgin sama na wasa da ake sarrafawa da rimot) da cajar balans mai 50W, wato cajar da ke daidaita wutar kowane sel na cikin batir, irin masu maɓalli huɗu ɗin nan da aka kwaikwayo samfurinsu daga iMAX B6, tare da jakar zaren gilashi da ake cusa batir a ciki lokacin caji. Batirana duk LiPo ne, wato wani nau'in batirin lithium, 3S (masu sel uku, ƙananan batira uku da aka haɗa a ciki) 2200mAh masu filogin XT60, guda huɗu ne da farko, yanzu saura uku, kuma labarin na huɗun ne ya sa na sayi cajar.

Jirgin ya zo da wata 'yar caja a kwalinsa, fitila ja da kore kawai gare ta, ja tana caji kore ta gama, iyakar abin da take faɗa maka kenan. Na cika batiran da niyyar fita tashi a ƙarshen mako, sai iska ta hana, sai aiki ya taso, kafin in ankara sati uku sun wuce suna ajiye a cike. Ranar da na ɗauko su ɗaya ya ƙi kwanciya daidai a kan tebur, in ka danna wannan gefen sai ɗayan ya ɗaga, na matsa shi da yatsa naji laushi kamar an hura masa iska, igiyar da ke ɗaure shi a cikin jirgi ma da ƙyar ta zagaye shi. Wallahi gabana ya faɗi, don a ɗakin da nake kwana suke ajiye duk tsawon kwanakin nan. Daga baya na gane cewa LiPo baya son zama a cike, in ya daɗe a 4.20V kowane sel, balle da zafi, ruwan cikinsa yana lalacewa ya riƙa fitar da iska, shine kumburin.

Abin da ya fi burge ni a sabuwar cajar shine tana nuna maka kowane sel da kansa. Batir 3S sel uku ne aka jera, kuma ƙaramin farin filogin nan mai waya huɗu da ke rataye a gefe, filogin balans kenan, ta nan caja take leƙa kowannensu. Ranar farko da na jona wani batir da nake ganin lafiyarsa lau, sikirin ya nuna min 3.91, 3.88, sai na ukun 3.62. Da ido ba yadda za ayi in san haka. Kuma haɗarin a nan yake, cajar da jimla kawai take kallo zata ga 12.6V tace an cika, alhali wani sel yana 4.35 wani 4.30 na ƙarshen yana 3.95, jimlar dai 12.6 ce amma biyu sun wuce iyaka, kuma sel ɗin da ya wuce 4.20 sosai shine yake zafi ya kumbura har ya kama da wuta. Ita wannan tana rage wa wanda ya yi gaba kaɗan kaɗan har na bayan ya tarar da shi, a ƙarshe kaga 4.20, 4.20, 4.19 a jere, hankalinka kwance.

Saitin ba wuya. Ka zaɓi LiPo BALANCE, ka sa 3S, ka sa 2.2A. Wannan 2.2 ɗin daga jikin batirin yake fitowa, 2200mAh a raba da dubu, shine abin da ake kira 1C, kuma ni ban taɓa wuce shi ba duk da wasu batiran an rubuta suna ɗaukar fiye da haka, gaskiya bana ganin ribar gaggawar. In ka danne maɓallin farawa sai ta fara ƙirga sel da kanta ta nuna maka adadin da ta gani da wanda kai ka saka, sai sun dace sannan ka sake dannawa. Don Allah kar ka saba danna wurin nan ba tare da ka karanta ba, sakan biyu ne kawai. Cajin yana ɗaukar min awa ɗaya da 'yan mintuna, farko yana gudu a 2.2A ɗin har sel su kai 4.20, daga nan sai ta riƙe ƙarfin wutar a wurin tana sauke amp a hankali, wannan ƙarshen ne yake ɗaukar lokaci har mutum ya zaci ta tsaya, ba tsayawa tayi ba, kyale ta ta gama tayi ƙararta.

Akwai abubuwan da basu min daɗi ba kuma sai na faɗa. Na ɗaya, jerin nau'in batir duk a wuri ɗaya yake, LiPo da LiFe da NiMH da NiCd da Pb, danna ɗaya ya kai ka wani. Na taɓa cajin batirin NiMH na rimot, da na dawo kan LiPo sai na tarar da ita a NiMH ɗin, Allah ya taimaka na karanta sikirin kafin in danna. Tsarin NiMH baya tsayawa a 4.20V, jira yake ƙarfin wuta ya ɗan faɗo kafin ya yanke, shi kuwa LiPo hawa zai yi ta yi har abin ya ɓaci. Ya kamata ace caja tana yin wani gargaɗi mai ƙarfi a nan.

Na biyu wayar cajin, wadda ke da ƙarafa biyu tsirara da ake cusawa a jikin cajar. In ka fara jona batir a wayar kafin ka cusa su, ƙarafan nan suna lilo da cikakkiyar wutar batirin a kansu. Sau ɗaya suka taɓa juna a hannuna, tas! tartsatsi ya tashi, kan ƙarfen ɗaya ya yi baƙi ya ɗan narke, har yau tabon yana nan. Tun daga ranar wayar bata fita daga jikin caja, batir ne ƙarshen jonawa kuma shine farkon cirewa.

Na uku kuma saukar da wuta. Tana da STORAGE wanda ke kai kowane sel wajen 3.8V, matakin da batir yake son zama in ba za a yi amfani da shi ba, kuma saboda shi na saye ta tun asali. In batirin ƙasa yake nan da nan ta ɗago shi, amma in a cike yake to ka shirya zama, 5W kawai take iya saukewa, wato kusan 0.4A a kan 3S, batir ɗaya sai ya ci kusan awa uku, fankar tana ta ƙara jikin cajar ya yi ɗumi. Dabarar da na koma yi ita ce bana cika batir sai na tabbatar yau ɗin zan tashi, in kuma ya rage a cike sai in sa shi a jirgi in ɗan zagaya da shi ya sauko, sannan cajar ta ƙarasa daidaitawa.

Tunda tawa ba ta asali bace na gwada ta da mitar auna wuta ta filogin balans, sel bayan sel, bambancin 0.01 zuwa 0.02 na samu, na yarda da ita. Duk wanda ya sayi irin waɗannan ya gwada tasa, don kwaikwayon suna da yawa kuma ba duka suke karanta daidai ba.

Jakar kuwa ina so a fahimce ta da kyau, bata kashe wuta. Aikinta ta tare harshen wutar kar ya yi tsalle ya kama labule ko takarda, hayaƙi dai zai fito kuma hayaƙin mai guba ne. Don haka ni a kan siminti nake ajiye ta, nesa da katifa da katako, kusa da ƙofa, da bokitin yashi a gefe, kuma bana barin wurin. Bana caji in tafi barci, bana caji in fita ko da na minti goma ne, lokaci lokaci nakan ɗora hannu a kan jakar, a 1C batir mai lafiya bai kamata ya yi zafi ba, in naji ɗumi ya fara yawa cirewa nake. Batirin da ya sauko daga jirgi da zafinsa sai ya huce tukuna, wanda kuma jirgi ya faɗi da shi ya lotse ko ledarsa ta yage, waje nake kai shi a kan ƙasa in zuba masa ido, bana kusantar caja da shi. Masu amfani da akwatin ƙarfe maimakon jaka su cire robar murfin ko su huda shi iska ta samu hanyar fita, in an rufe shi gam matsin cikin ne zai tarwatsa shi.

Ga mai 2S ko 3S cajar nan ta wadatar, 12.6V sau 2.2A bai kai 28W ba, da sauranta. Amma mai 6S ya nemi babba, a 25.2V wannan 50W ɗin wajen 2A kawai zai bayar, batir 5000mAh zai kwashe maka rabin yini in guda biyu ne.

Shi kumburarren ban sake cajinsa ba ko sau ɗaya, na jona masa ƙwan fitilar mota a waje a kan yashi har mita ta nuna babu komai a ciki, na naɗe filoginsa da tef na kai inda ake karɓar tsofaffin batira. Ukun da suka rage yanzu haka suna cikin jaka a 3.8V, ba wanda ya kumbura, shi ma mai raggon sel ɗin nan yana cika daidai da 'yan'uwansa sai dai wutarsa tana riga tasu sauka in jirgi yana sama, shi yasa nake sauko da jirgin minti ɗaya kafin lokaci duk ranar da shine a ciki.