Sandar dogarawa ta alminiyum: tana sauƙaƙa wa baya, in an riƙe ta daidai

Wanda ya yi targaɗe ko karaya ba ya yarda ya ɗora wa ƙafar nauyi, ko bayan an cire filasta. Da ya taka sai ya ɗauke da sauri, jiki ya karkata gefe, ƙugu ya daina tafiya daidai. Tsokar da ta haɗa haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo ita ke shan wahalar wannan ɗingishi a kowane taku. Shi ya sa sau da yawa ƙafa na lafawa, baya ke ɗauka.

Nan sandar nan take da rana. Ba ta da nauyi, kuma galibi tazarar ramukan da ake daidaita tsayinta da su santimita 2.5 ce, don haka ana samun tsayin da ya dace. A tsaya da takalmin da ake yawo da shi, a saki hannu: mariƙin ya zo daidai layin wuyan hannu, ta yadda in an kama, gwiwar hannu za ta lanƙwashe digiri 20 zuwa 30. In ta yi tsawo kafaɗa ta ɗage, in ta gajarta mutum ya riƙa duƙawa, ciwon ya ƙaru.

Kuskuren da ya fi yawa ba na sandar ba ne, na riƙe ta ne a ɓangaren ƙafa mai ciwo. Kamata ya yi a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ta sauka tare da mai ciwo. Haka tsokar gefen ɗuwawu ke samun sauƙi, jiki ya miƙe. A matakala, mai lafiya ke fara hawa. Wajen sauka, sanda da mai ciwo ke gaba.

Tana da aibu. Robar gindinta tana saurin cinyewa, kuma da zarar zanen ya shafe, santsi ne a kan jiƙaƙƙen tayil. A auna kaurin bututun sandar kafin a sayi wata robar, don ba girma ɗaya ba ne. Zoben da ke matse bututun yakan saki, ta riƙa ƙwaras-ƙwaras. Mariƙi mai ƙugiya kuma yana gajiyar da tafin hannu. Mai shimfiɗaɗɗen kai ya fi.

Ta cancanci saye ga wanda likita ya yarje wa taka ƙafar. Wanda aka hana, sandunan hammata ne nasa. In ciwon bayan ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi ko kasa riƙe fitsari, a garzaya asibiti nan take.