Sharhi: na ba maƙerin bindiga aikin zana min harsashin kaina, ga yadda na ga abin

Masu tambaya ko zai yiwu mutum ya ƙirƙiri nasa harsashin mai babban baki, wanda masu harkar ke kira wayilkat, wato wanda babu kamfanin da ke bugawa, amsar ita ce eh yana yiwuwa, ni ma na yi. Amma zanen a takarda shi ne mafi sauƙi a duk aikin, kuma wannan ne abu na farko da maƙerin da na ba aikin ya faɗa min tun kafin ya karɓi ko sisi, abin da ya sa na yarda da shi kenan.

Abin da nake so shi ne a ɗauki kwanson .375 Ruger, wanda ya fito a 2007, a buɗa wuyansa ya ɗauki dalmar .458, wato mai kaurin inci 0.458, don in samu ƙarfi kusa da na .458 Lott a bindigar da sakatarta ba doguwa ba ce. Shi Lott ɗin ma ai da wayilkat ne, Jack Lott ya fito da shi a 1971 bayan ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik yana riƙe da .458 Winchester, sai ya ƙara tsawon kwanso daga inci 2.5 zuwa 2.8 don albarushi ya samu wuri. Haka .35 Whelen ya yi shekaru a hannun maƙera kafin Remington ta karɓe shi a 1988. To ba hauka ba ne mutum ya gwada.

Inda mutumin nan ya burge ni shi ne maganar kafaɗar kwanso. Ya ɗora zanen a kwamfuta ya nuna min cewa in ka buɗa wuya har .458 kafaɗar da ta rage 'yar mitsitsiya ce, kuma tunda kwanson Ruger ba shi da bel, wato zoben da ke kusa da gindin kwanso, irin na .375 H&H, kafaɗar nan ita kaɗai ke tsayar da harsashi daidai a cikin ɗaki, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututun bindiga, in ta yi kaɗan sai ya zurma gaba, ko ya ƙi tashi ko kwanso ya miƙe har ya tsage. Ya ƙara mata kaifi, ya sa aka yanko ƙarfen ƙwaƙule ɗakin da mazuban matse kwanso daga zane ɗaya don kada su saɓa. Jiran waɗannan kam sai haƙuri, watanni ne, amma ba a hannunsa abin yake ba.

Sai wahalar da ba wanda ke faɗa maka, wato ciyarwa, yadda sakata ke tura harsashi daga magazin zuwa ɗaki. Harsashi mai kauri da faɗin kai ba ya son hawowa daga magazin salin alin, maƙerin ya haɗa na gwaji marasa albarushi yana tura sakata yana ja, ya goga ƙarfen gefe kaɗan ya sake gwadawa, da sauri da a hankali, har da kifa bindigar. Na ga ɗaya da kan dalmarsa ya daki bakin ɗaki ya lotsa. Bindigar manyan dawa in ba ta ciyarwa kowane lokaci to sanda ce kawai, a nan ya fi ɓata lokaci kuma wallahi a nan ya ci kuɗinsa.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne matsi. Harsashin kamfani yana da ma'aunin matsi na ƙungiyar SAAMI a Amurka ko hukumar CIP a Turai, naka babu littafin da zai ce ga iyaka. Manhaja hasashe take yi, na'urar auna gudu kuma gudu kawai take nunawa, alamu irin su sakata ta yi tauri ko firaima, wato 'yar hular da ke kunna albarushi, ta baje kuma sukan zo ne bayan ka riga ka wuce gona da iri. Ya nace a kai ɗakin gwaji mai na'urar auna matsi, ni ma ina ganin duk wanda ba zai iya wannan ba gara ya haƙura da aikin gaba ɗaya, fuskarka ce fa a bayan sakatar.

Ga kuma gindin kwanso da har yanzu .375 Ruger ke rubuce a kai alhali ba shi ba ne, dole ka ware su da alama, kuma jami'an kan iyaka na iya tsare ka in rubutun bai dace da na bindiga ba. Sayar da ita ma sai ka haɗa da mazuban duka kafin wani ya kalla.

Bindigar tana harbi daidai, dukan kafaɗa kam akwai shi sosai. Amma tsakani da Allah ba ta yi abin da .458 Lott ko .416 Rigby na 1911 ba za su yi ba. Aikin maƙerin ba ni da abin cewa, zan sake ba shi, sai dai in farauta ce kawai a gabanka sayi Lott ka huta.